Jini a ƙarƙashin fata: tambayoyi da amsoshi kan zafi, ɗari da abin da hannu ke faɗa

Wanda ya zauna a Tawa ya san shekara fuska biyu take gwada wa jiki. A Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40 kusan kullum, a Disamba da Janairu kuma ɗarin asuba yana kai mutum bakin wuta. Duk da haka zafin cikin jikin mai lafiya ba ya nisa da digiri 37. Babban rabon wannan aiki yana hannun ƙananan hanyoyin jini da ke cikin fata, masu buɗewa da tsukewa ba da saninmu ba. Tambayoyin nan irin waɗanda ake ji ne a fada da cikin gida da bakin asibiti, kuma na fi daɗewa a kan waɗanda sanin amsarsu ke iya ceton rai.

Wace irin hanyar jini ce ke cikin fata?

Ɓawon fata na sama ba shi da hanyar jini ko ɗaya, shi ya sa ƙaramin ƙwarzane ba ya fid da jini. A ƙarƙashinsa akwai saƙar hanyoyi hawa biyu, ɗaya daf da sama, ɗaya can ƙasa kusa da kitse. Daga ta saman ne ƴan sirara suke tasowa su lanƙwasa su koma. Faɗin kowace bai wuce kashi 1 cikin 100 na milimita ba, har jajayen ƙwayoyin jini sai sun bi ta ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan siraran ba su da tsoka. Iko yana wurin hanyoyin da ke kawo musu jini, domin su ne tsoka ta naɗe. In tsokar ta matse, hanya ta tsuke. In ta saki, hanya ta buɗe. Wanda ya taɓa ganin mai lambun albasa a Galmi yana toshe bakin kwami da laka ya buɗe wani ya ga yadda abin yake: ruwan rijiya ɗaya ne, rabon ne ke sauyawa. Kuma ƙaramin sauyi babban aiki yake yi, domin in faɗin hanya ya ragu da rabi, jinin da ke bi ta ciki yana raguwa kusan sau 16.

Jini nawa ne ke zuwa fata?

Zuciyar babban mutum da ke zaune tana tura kimanin lita 5 a minti. In ba zafi ba sanyi, rabon fata bai wuce rubu'in lita ba. In zafi ya yi tsanani yana iya kai lita 7 zuwa 8 a minti, fiye da rabin abin da zuciya ke turawa a lokacin, bayan ita ma ta ƙara aiki ƙwarai. In ɗari ya tsananta kuma rabon yana sauka kusan babu. Abincin da fata ke bukata daga jini kaɗan ne. Galibin wannan jini zafi ya ɗauko daga hanta da tsokoki ya kawo waje, zufa ta bushe ta tafi da shi. Zufa ba ta amfana in jini bai kawo zafin ba, jinin ma ba ya hucewa da rana tsaka in ba zufa, domin iskar bazara ta fi fata zafi.

Wa ke ba da umarnin buɗewa da tsukewa?

Wani ɗan sashe ne a gindin ƙwaƙwalwa da ake kira hipotalamus. Yana auna zafin jinin da ke ratsa shi, yana kuma karɓar labari daga fata, sannan ya aika umarni ta jijiyoyin saƙo iri biyu.

Na farko masu tsukewa ne. Suna sakin sinadarin noradirenalin a jikin tsokar hanya, ta matse. Ba sa hutawa gaba ɗaya. Ko a daren da iska ta yi daɗi suna riƙe da hanyoyin kaɗan. In ɗumi ya fara, sai su sassauta, jini ya ɗan ƙaru.

Na biyu masu buɗewa ne, kuma ba sa motsi sai zafin cikin jiki ya hau da gaske, daidai lokacin da zufa ke karyowa. Su ne ke yin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na buɗewar da ake samu a tsananin zafi. Masu bincike biyu a Ingila, Grant da Holling, su suka nuna samuwarsu a fatar ɗan Adam a 1938. Suna sakin sinadarin asetilkolin tare da wasu abokan tafiya. An tabbatar da hakan a Amurka a 1995: maganin da ke toshe asetilkolin kaɗai yana tsayar da zufa amma hanyoyin su buɗe duk da haka, wanda kuma ya hana jijiyar sakin komai yana tsayar da duka biyun. Wannan yana da amfani a sani, domin wasu magungunan mura da ƙaiƙayi da na ƙwaƙwalwa suna rage zufa, mai shan su a bazara ya kamata ya tambayi lokotoro.

Me ya sa tafin hannu ke saurin sanyi da saurin ɗumi fiye da sauran jiki?

Tafin hannu da na ƙafa, leɓe, kunne da hanci suna da gajerun hanyoyi masu kauri da ke haɗa mai kawo jini da mai mayar da shi kai tsaye, ba tare da bi ta ƴan siraran nan ba. A tafin hannu da na ƙafa jijiyoyin tsukewa kaɗai ke mulkinsu. In sun saki, jini mai yawa ya kwararo nan take. In sun matse, hannu ya yi sanyi ƙalau. Shi ya sa tsoro da fargaba ke sanyaya hannu ko da a bazara. Shi ya sa kuma alwalar azahar ke sanyaya jiki fiye da yawan ruwan da aka zuba: hannu da fuska da ƙafa su ne wuraren da jini ya fi kusantar waje.

Malam, me ke kawo jiri in na miƙe tsaye da zafi, musamman da azumi?

Nan ne fata da ƙwaƙwalwa ke rabon abu ɗaya. Hanyoyin fata sun buɗe sun ɗebi jini mai yawa, zufa ta rage ruwan da ke cikin jinin, ga tsayuwa ta sa wani ya taru a ƙafafu. Abin da ke komowa zuciya ya ragu, ƙarfin turawarta ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta ji a jikinta: ido ya yi duhu, kunne ya yi ƙara. Akwai ma'aunai a manyan hanyoyin jinin wuya da ƙirji masu lura da wannan faɗuwa. Da sun ji ta sai su sa zuciya ta ƙara gudu, su kuma sa a rage wa fata rabonta. An tsare ƙwaƙwalwa ke nan, amma zafi ya rasa ƙofar fita. Ƙishirwa tana ƙara dagula lamarin, domin in jini ya yi kauri jiki yana jinkirta buɗe hanyoyin fata da karyo zufa har sai zafin ciki ya hau fiye da yadda ya saba.

Don haka mai azumi a bazara ya rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur, ya yi aikin ƙarfi da sassafe, ya tashi daga zaune a hankali. Ɗan kabu-kabu da mai aikin gini da mai tsayuwa a layi su riƙa motsa ƙafa, domin tsokar sangali tana tura jini sama. Mai shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, ya ga lokotoro kafin azumi ya kama, kada ya yanke maganin da kansa. Wanda ya faɗi a kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufafi. In bai dawo hayyacinsa cikin ƴan mintoci ba, ku duba tambaya ta ƙarshe.

Gaskiya ne jiki na sabawa da zafi?

Gaskiya ne. Cikin mako 1 zuwa 2 na aiki a zafi, ruwan jini yana ƙaruwa, zufa da buɗewar hanyoyin fata suna farawa da wuri, gishirin zufa ya ragu. Sabon yana gushewa in an yi makonni ba a shiga zafi ba. Kwanakin farko na bazara, da kwanakin farko na wanda ya dawo daga ƙasar sanyi, su ne suka fi haɗari.

Da ɗari yatsuna suna ƙagewa a ruwa, can kuma su yi ɗumi da zugi. Lafiya kuwa?

Lafiya lau. Sanyi yana tsuke hanyoyi ta fuska biyu. Ƙwaƙwalwa tana aiko umarni ga fata duka, sannan a wurin da sanyin ya taɓa tsokar hanya tana fito da ƙarin masu karɓar noradirenalin, sai umarni kaɗan ya yi aiki mai yawa. Amma in yatsa ya daɗe a ruwa mai tsananin sanyi, bayan minti 5 zuwa 10 hanyoyin sukan buɗe na ɗan lokaci, jini ya shigo, sannan su sake tsukewa, haka bi da bi. Lokotoron zuciya ɗan Birtaniya Thomas Lewis ya bayyana wannan a 1930. Masuntan Tabalak da masu ban ruwan asuba sun san shi a jikinsu.

Abin da ba daidai ba shi ne yatsa ya kwashe jini ya yi fari fat da ɗan sanyi kaɗan, sannan ya yi duhu, sannan ya dawo da zafi da raɗaɗi. Wannan cutar Raynaud ce, sunan Bafaranshen da ya bayyana ta a 1862, kuma ta fi kama mata. Sau da yawa ɗumama jiki ya isa, amma in ta fara a girma ko ta zo da gyambo a kan yatsa a je asibiti.

Yaronmu yana da amosanin jini. Me ya sa ciwon ke tashi da ɗari?

Domin hanyar da sanyi ya tsuke jini ba ya gudu a cikinta, kuma ƙwayar jinin mai sikila in ta daɗe a hanya tana lanƙwasawa ta maƙale. Ƙari a kan haka, ƙwayoyinsa suna saurin fashewa, abin da ke zuba daga cikinsu kuma yana cinye sinadarin da ke buɗe hanyoyi. Iska mai kaɗawa a jiƙaƙƙen jiki ma tana iya tayar da ciwon ko da ba ɗari. A yi masa wanka da ruwan ɗumi bayan rana ta ɗaga, a goge shi da sauri, a sa masa safa da hula, a yawaita ba shi ruwa. In ciwo ya tashi a gasa wurin da ɗumi, kada a ɗora ƙanƙara. Akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan cuta a Yamai.

Me ya sa yatsu ke yamutsewa bayan wanki?

Ba jiƙa kaɗai ba ce. Jijiyoyin saƙo ne ke tsuke hanyoyin jinin kan yatsa, naman ya ɗan motse, fata ta yi ninki. Yatsan da jijiyarsa ta yanke ba ya yamutsewa.

In an gasa wuri da ruwan zafi, ƙwaƙwalwa ce ke buɗe hanyar?

A'a, wannan aikin wurin ne da kansa, kuma hawa biyu yake. Cikin mintocin farko jijiyoyin da ke jin zafi suna sakin sinadarai a nan inda suke, hanya ta buɗe. Daga baya shimfiɗar cikin hanyar jinin ta karɓi aikin, tana fitar da sinadarin nitirik oksid mai sassauta tsoka. A wajen digiri 42 zuwa 44 hanyoyin sun gama buɗewa. Ƙara zafi bayan nan ƙuna ce kawai. Gano aikin wannan sinadari ne ya ba masu bincike uku, Furchgott da Ignarro da Murad, kyautar Nobel a 1998. Ma'aunin da ke jin wannan zafi a jijiyoyin fata shi ne barkono ke tsokana, shi ya sa yaji ke sa zufa. Mai bincike David Julius, wanda ya gano ma'aunin a 1997, ya samu Nobel a 2021. Man shafawa mai sanyi-sanyi da ake sa wa mura kuwa ma'aunin sanyi yake tsokana, ba ya sauke zafin jiki.

Nan ya kamata iyayenmu mata su saurara game da wankan jego. Ruwa mai tsananin zafi a jiki duka yana buɗe hanyoyin fata gaba ɗaya, ya ɗora wa zuciyar da ba ta gama hutawa daga ɗaukar ciki ba babban aiki. Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da wannan gashi haɗe da kunun kanwa. Ba cewa nake a bar wanka ba. Ruwan ya zama mai ɗumi wanda hannu ke jurewa, a samu mai zama kusa, kuma mai jego da ke haki ko kumburin ƙafa a kai ta asibiti ran nan.

Me ke sa wurin cizon sauro ya tashi?

Sinadarin histamin. Yana buɗe ƴan siraran hanyoyi, ya sa ruwa ya tsatso daga cikinsu wurin ya kumbura, ya kuma tsokani jijiyar ji ta buɗe hanyoyin da ke kewaye. Wannan na ƙarshe ba ya faruwa in jijiyar ta mutu. Haka tabon kuturta yake: ba ya jin taɓi, ba ya zufa. Tabo mai haske da ba ya ji abin kai wa ma'aikatan lafiya ne da wuri, domin kuturta tana warkewa da magani.

Yaro jikinsa zafi rau amma hannu da ƙafa sanyi. Me ke nan?

A farkon zazzaɓi, na cizon sauro ko waninsa, hipotalamus yana ɗaga ma'auninsa, misali daga 37 zuwa 39. Jiki sai ya ɗauka sanyi yake ji: ya tsuke hanyoyin fata, ya kama makyarkyata. In ma'aunin ya sauka, hanyoyi su buɗe, zufa ta karyo. Wannan sananne ne. Amma sanyin hannu yana iya zama alamar jini ya kasa, bayan gudawa da amai, ko zubar jini, ko cuta mai tsanani, lokacin da jiki ya janye jini daga fata don ya tsare zuciya da ƙwaƙwalwa.

Ga gwajin da nake so kowace uwa da kowane uba su iya. Ku danna farcen babban yatsa har ya yi fari, ku saki, ku ƙirga. A mai lafiya launin yana dawowa cikin daƙiƙa 2. In ya wuce 3, ga hannu sanyi, ga bugun jini mai sauri maras ƙarfi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin alamun gaggawa. A ɗauki yaro a tafi, kada a jira gari ya waye. In lalle ya rufe farce, a danna naman yatsa inda bai kama ba. In ɗaki da sanyi, a ɗumama hannun tukuna. Ku duba tafin hannunsa kusa da naku: in nasa ya yi fari sosai, jini ya yi ƙaranci.

Ana cewa a lura da jan fata, mu kuwa baƙaƙe ne. Ta yaya za mu gane?

Wannan tambaya tana damuna, domin yawancin hotunan koyarwa na farar fata ne, kuma rashin ganin ja yana sa a makara. Hanyoyinmu suna buɗewa kamar na kowa, launin fata ne ke rufe shi. Mu hannu za mu sa. Wurin da ya kumbura da cuta ya fi kewayensa ɗumi, ya fi tauri ko sheƙi, launinsa ya fi duhu. A duba da hasken rana, a gwada da ɗaya gefen jiki. Don ganin jini kuwa a duba tafin hannu, farce, dasashi da cikin fatar ido.

Wanda wannan ya fi shafa shi ne majinyacin da ke kwance, kamar mai shanyewar ɓarin jiki. Nauyin jiki a kan ƙashi yana danne ƴan siraran hanyoyi, jini ya tsaya. In aka ɗaga da wuri jini yana dawowa da yawa ya biya bashin. In aka daɗe, naman ya mutu daga ciki kafin a ga komai a waje. A juya shi kowace awa 2, a taɓa ƙugu da gindin baya da dunduniya kullum. Wurin da ya sauya launi ko tauri kada a murza shi, a ɗauke masa nauyi.

Ina da ciwon sukari, ƙafata kullum da ɗumi. Ba alamar jini na gudu ba ce?

Ba lalle ba, Alhaji. Sukari yana lalata jijiyoyin tsukewa, sai gajerun hanyoyin tafin ƙafa su zauna a buɗe. Jini yana wucewa ta nan ya koma, ƙafa ta yi ɗumi, amma ba ta iya ƙaro jini inda rauni ya samu. Zufa ta ɗauke, fata ta bushe ta tsage, ji ya ragu. Haka mutum zai taka rairayin azahar ko ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta ya ƙone bai sani ba. A duba ƙafa kowace rana har tsakanin yatsu, a shafa mai a dunduniya, a gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, kada a yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida.

Tsofaffi da jarirai fa?

Da shekaru suka ja, buɗewar hanyoyin fata da tsukewarsu duka suna rauni, zufa ta ragu, ƙishirwa ba ta kira da wuri. Kaka tana iya cewa ba ta jin komai alhali zafi ya cika ta. A kai mata ruwa ba sai ta nema ba. Jariri kuma fatarsa tana da faɗi in aka gwada da nauyinsa, yana saurin rasa ɗumi, yana saurin ɗaukar zafi. A taɓa cikinsa da ƙafarsa tare: in duka da ɗumi, daidai yake.

Taba, giya da man bilicin suna taɓa waɗannan hanyoyi?

Duka ukun. Sigari yana tsuke su, shi ya sa raunin mashayi ke jinkirin warkewa. Giya tana buɗe su, mutum ya ji ɗumi alhali zafin cikinsa ne ke tsiyayewa. Man bilicin mai ɗauke da sinadarin kotizon yana tsuke su da farko, wani ɓangare na hasken da ake gani ke nan. In aka daɗe, fata ta yi siriri, ƴan hanyoyi su fito ɓaro-ɓaro a kumatu, rauni da ɗinki su ƙi kamawa. Mai shafa shi ta faɗa wa lokotoro kafin a yi mata aiki, ba abin kunya ba ne.

In zafin rana ya bugi mutum, ruwan sanyi ba zai rufe hanyoyin ya kulle zafin a ciki ba?

Tambayar tana da tushe, amma kada ta hana ku zuba ruwa. Sanyi yana tsuke hanyoyin fata, sai dai ruwa yana janye zafi da sauri fiye da iska nesa ba kusa ba, kuma ribar ta fi asarar. Alamar bugun zafi ita ce jiki ya kai digiri 40 tare da ruɗewa, sambatu, tangaɗi, farfaɗiya ko suma. Zufa tana iya kasancewa, kada ku jira sai fata ta bushe. Irin zafin da ya kai digiri 48.5 a Kayes ta Mali a Afrilun 2024 yana iya kai lafiyayye ga wannan hali. A kai shi inuwa, a cire masa tufafi masu nauyi, a jiƙa shi sharkaf da ruwan da ya fi sanyi a gidan, ko na randa ne, ana yi ana fifita. In da ƙanƙara a sa a wuya da hamata da matsematsi. Parasitamol ba ya aiki a nan, domin ba ma'aunin ƙwaƙwalwa ne ya hau ba. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, a kwantar da shi ta gefe. A nemi mota zuwa asibiti mafi kusa, a ci gaba da jiƙa shi a hanya.